Karan Hanci Ba Aikin Maɗori Ba Ne

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, dattawa da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo, barkanmu da taruwa.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar hanci yau shi ne yaranmu masu okada da masu dako a kasuwa. Mutum zai faɗi ya daki fuska, sai a ce ai hanci ne kawai, a murza masa a sallame shi.

To jama'a, hanci ba ƙashi ɗaya ba ne. Can sama tsakanin idanu akwai ƙananan ƙasusuwa 2 da suka haɗu, su ne karan hanci. Daga nan zuwa ƙasa guringuntsi ne, shi ya sa yake lanƙwasuwa. A ciki kuma akwai shamaki da ya raba ƙofofin biyu, gabansa guringuntsi, bayansa siririn ƙashi. Rufin hancin ƙashi ne marar kauri mai 'yan huji-huji, kuma ƙwaƙwalwa ce a samansa. Duk cikin ƙasusuwan fuska, na hanci ne ya fi saurin karyewa.

Malamanmu suna nan, su ne shaida: a Risala, wanda ya yanke wa wani tattausan hancin nan, cikakkiyar diyya ce a kansa, daidai da ta rai. Abin da shari'a ta ba wannan daraja, mu ne za mu raina?

Saboda haka, in haɓo ya ɓalle, a zauna a sunkuyar da kai gaba, a matse wurin mai taushi minti 10 zuwa 15. Kada a ɗaga kai sama, jinin cikin ciki zai tafi. In hanci ya karkace, a je asibiti wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, domin bayan kamar kwana 14 ƙashin ya fara kamawa a karkace. In shamakin nan ya kumbura ya toshe numfashi, jini ne ya taru. In ba a zuƙe shi da wuri ba guringuntsin zai mutu, hancin ya lotsa. In kuwa ruwa garai-garai ke ɗigowa bayan buguwar kai, ranar nan za a tafi, ba gobe ba.

Masu mashin kuma, don Allah a riƙa sa hular kwano.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin. Wassalamu alaikum.