Kaburburan Duwatsu na Ƙasar Asben



Duk wanda ya ratsa ƙasar Asben, arewa da Agadas, zai riƙa ganin tarin duwatsu jefi-jefi a gindin tsaunuka da bakin ƙoramu. Baƙo sai ya ɗauka tsibi ne kawai. Alhali kuwa kaburbura ne, waɗansunsu sun haura shekara 5,000. Buzaye suna kiran irin wannan kabari adebni. A da, matansu kan kwana a kansa don su yi mafarkin mazansu da suka yi nisan tafiya.

Mutanen da suka fara gina su makiyaya ne na zamanin da Sahara take da ciyawa da tafkuna. Sukan kwantar da mamaci a gefensa, a naɗe masa ƙafafu, sa'an nan a jera duwatsu a bisansa. Wani tarin kamar tudu, wani kewaye, wani da siffar ramin makulli. Bafaranshe François Paris ya tone da dama, har da na Iwelen, ya kuma wallafa bincikensa a 1996.

To, wa ke tsaronsu? A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe gandun Ayar da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, amma saboda namun daji da yanayin ƙasa aka yi haka, kaburburan da ke ciki sun ci albarkacin barewa ne kurum. Shekara guda bayan nan, tawaye ya sa aka mai da gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Sai a 1997 aka kafa dokar kare kayan tarihi.

A ganina doka kaɗai ba ta isa ba, domin ma'aikaci ɗaya ba zai iya gadin sararin da raƙumi ke kwanaki bai ƙetare ba. Barnar kuma ba ta gyaruwa. Masani yana karanta kabari ne daga yadda aka jera duwatsun da inda ƙashi ya kwanta. In mai neman dukiya ya wargaza shi, ko mai gini ya kwashe duwatsun, ko an mayar da su, labarin ya tafi.

Da yawa cikinku za ku zama masu sa hannu a takardun hanyoyi da haƙar ma'adinai. Kafin katafila ta shiga daji, a tambayi makiyayan wurin, su ne suka san inda kowane adebni yake.