Wayar Manomi da Karatun Ɗansa



Yawancinmu malamai ne da safe, manoma da yamma, kuma iyayen ɗalibanmu da fartanya suke ciyar da gida. Don haka batun shigar wayar salula harkar noma ya shafe mu kai tsaye.

Mu tuna shekarar 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, aka ɓullo da tsarin sanar da rabon taki da iri ta saƙon waya. Manomi ya yi rajista, saƙo ya shigo, ya je ya karɓi buhu biyu a kan rabin kuɗi. Da yawa sun amfana. Amma mun ga dattawan da saƙon ya yi ta kwana a wayarsu har damina ta yi nisa, saboda babu mai karanta musu.

Abubuwan da ke sa manomi ya rungumi irin wannan fasaha ko ya juya mata baya sanannu ne. Akwai rashin sabis da wahalar caji a ƙauye. Akwai tsadar babbar waya da data, ga wanda ke lissafin kuɗin huɗa. Akwai tsoron 'yan damfara masu neman lambar asusu. Mata da yawa ma ba su da wayar kansu. Sannan manomi ba ya canza dabara sai ya ga ta yi kyau a gonar maƙwabci, domin gani ya kori ji.

Amma tushen duka shi ne iya karatu, kuma wannan a hannunmu yake. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen faɗuwar damina. Ɗan aji huɗu da ya iya karanta shi zai iya hana mahaifinsa shuka a ruwan farko mai yaudara, iri ya ƙone a ƙasa.

Saboda haka muna roƙon kowane malami ya tabbatar yaro ya iya karanta Hausa sosai kafin ya bar aji uku. Mu riƙa rubuta irin waɗannan saƙonni a allo a darasin noma, mu kuma gayyaci malamin gona zuwa taron iyaye.

Allah ya ba mu damina mai albarka.