Farfesa Ibrahim Ayagi da Bashin da ke Kan Malaman Tattalin Arziki

Na gode da gayyata zuwa Keffi. Lokaci kaɗan ne, don haka bari in shiga magana.

Marigayi Farfesa Ibrahim Ayagi ya rasu a Kano a watan Afrilun 2020, cikin makonnin nan da birnin ya yi ta binne manyansa ɗaya bayan ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Tarihinsa kun san shi: ya riƙe alli a jami'a, ya yi kwamishina a Jihar Kano, ya shugabanci bankin Continental Merchant, ya jagoranci kwamitin da ke bibiyar tattalin arzikin ƙasa a zamanin Obasanjo, ya kuma kafa makarantun Hassan Ibrahim Gwarzo. Muƙamai ba su ne suka kawo ni ba. Abin da ya sa ɗalibansa da ma waɗanda ba su taɓa zama ajinsa ba suke ƙaunarsa shi ne ya faɗi gaskiya a lokacin da faɗinta ke da tsada, kuma ya faɗe ta da harshen da ɗan kasuwar Kwari zai gane.

A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara kan karɓar bashin IMF. Jama'a suka ce ba sa so, gwamnati ta ce ta ji. Kafin shekara ta zagayo, a 1986, sai ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP ɗauke da sharuɗɗan da aka ce an ƙi. A watan Satumba na shekarar aka fara gwanjon dala. Ayagi yana kan kujerar banki, inda shiru ya fi riba, amma ya fito ya ce wannan hanya za ta kassara naira da masana'antu. A 1990 ya tattara hujjojinsa a littafinsa The Trapped Economy.

To mu duba alƙaluma, don su ne alƙalai tsakaninsa da masu sukarsa. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kobo 89 take. A 1987 ta kai kusan naira 4. A 1993 ta doshi naira 22. A 1999 ta haura 90. A 2015 tana 197, a 2016 ta koma 305. Aka sake sakin naira a watan Yunin 2023, kafin watan Maris na 2024 ta wuce 1,500. A kowane zango, abu ɗaya aka gaya mana: ku yi haƙuri, naira na neman farashinta na gaskiya, daga nan kayanmu za su yi araha a waje, masana'antu su farfaɗo. Shekara kusan 40 ke nan ana neman wannan farashi.

Ga lissafin da nake so kowane ɗalibi a zauren nan ya yi da hannunsa. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, kuma a canjin lokacin ya kai kimanin dala 200. A 2024 an mayar da shi naira 70,000, wanda bai kai dala 50 ba. Lambar ta ninka sau 560, amma abin da take saye a kasuwar duniya ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Mai karɓar wannan albashi shi ne masinjan da ke tashi da asuba daga Masaka ko Mararraba zuwa Abuja, rabin albashinsa ya tafi a kuɗin mota. Masana'antun da aka yi mana alkawari fa? Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Wanda ya san unguwannin masana'antu na Bompai da Sharada a Kano a da, ya je ya ƙirga ƙofofin da ke kulle yau. Ƙasar da ke shigo da injin, da kayan gyaransa, da sinadarin rini, in ka karya kuɗinta ka ƙara wa masaƙarta tsada ne kafin ka sayar mata da yadi ko ɗaya. Abin da Ayagi ya hango ke nan.

Na san amsar wasu abokan aikina. Za su ce naira ta yi kumburin ƙarya kafin 1986, lasisin shigo da kaya ya zama kasuwar 'yan alfarma, manoman koko kuma sun ji daɗin rushe hukumomin sayen amfanin gona. Na ji. Amma likitan da ya shekara 40 yana ba da magani ɗaya, majinyaci na ƙara ramewa, ba ya da bakin cewa laifin majinyaci ne.

Ƙorafina na gaske da mu malamai ne. Ɗalibi yana gama digiri a fannin nan, ya iya zana layin buƙata da na wadata, ya haddace sunan Keynes da Friedman, amma bai taɓa buɗe littafin Ayagi ba, bai san masananmu irin su Sam Aluko ko Pius Okigbo ba. Ka tambaye shi yadda ake yanke farashin buhun riɗi a Doma, wa ke ba manomi bashi kafin damina, nawa dillali ke ci kafin kaya su isa tashar jirgin ruwa a Legas, sai ya yi shiru. Matan Keana da Awe sun daɗe suna dafa gishiri, su wa suka auna abin da suke samu? Yanzu ga ma'adinin litiyom a jihar nan, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024. Wa zai lissafa abin da ke fita da abin da ke saura a hannun mutanen gari, in ba sashen tattalin arzikin jami'ar da ke Keffi ba?

Abin da nake nema ba sabo ba ne, na sha faɗa. A wajabta darasin tarihin tattalin arzikin Najeriya daga 1960 zuwa yau, a karanta muhawarar 1985 da bakin waɗanda suka yi ta, har da masu goyon bayan SAP. Kada a ba ɗalibi digiri sai ya yi zango guda yana tattara farashi a kasuwa ko a wurin haƙar ma'adinai, a adana abin da ya samo shekara bayan shekara. Manyan farfesoshi su koma koyar da 'yan aji ɗaya, su daina bar wa ƙananan malamai su kaɗai. Gwamnati kuma ta biya malami abin da zai zaunar da shi a aji, domin wanda ke zagaye jami'o'i uku don ciyar da iyali ba zai san sunan ɗalibinsa ba.

Shugaban sashe, ina roƙon a sayo littafin Ayagi a ajiye a ɗakin karatu, a sa shi cikin jerin karatun dole tun daga zangon da ke tafe.