Daga Gaya Zuwa Dala: Yadda Ƙauyuka Suka Zama Birni

 

Ma'aikaci idan ya fito daga Birni rangadi ƙasar Gaya ko Ajingi, sau da yawa ya kan zo da zaton Birni ne uwa, ƙauye kuwa ɗa. Labarin mutanen da ya nuna ba haka abin ya ke ba. Wannan hanya da ya biyo, daga gabas aka fara taka ta zuwa yamma.

Abagayawa, watau tsofaffin maƙeran Kano, suna cewa kakansu mutumin Gaya ne, sunansa Kano, ya zo gindin Dala neman tama, ya samu, ya zauna. Wannan zancen baka ne, amma ƙasa ta ba shi shaida, gama masu binciken kayan tarihi sun sami alamun narka tama a Dala, suka auna shekarunsu, suka ga sun kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Duk inda maƙeri ya kafa zuga, manomi na nan tafe neman fartanya, maharbi neman kibiya, mai hatsi kuwa ya biyo su da kwando. Da haka zango ya kan zama ƙauye. Amma fa ƙauyuka, ko sun yi ɗari, ba su zama birni ba tukuna. A zamanin Barbushe abin da ya haɗa mutanen kewayen Dala tsafin Tsumburbura ne kaɗai, sa'an nan kowa ya koma wurin babbansa.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya sa zuwan Bagauda a 999. Shi ma bai zauna Dala ba, a Sheme ya yi sarautarsa. Sai jikansa Gijimasu, wanda ya hau a 1095, ya tara mutane aka fara ginin ganuwa daga Rariya. An ce ran da aka fara ya yanka shanu 100. Ku da kuka san wahalar tara gayya don gyaran hanya guda, ku auna wannan aiki. Wa zai haƙa ƙasa, wa zai ɗebo ruwa, wa zai ciyad da magina, in ba mutanen ƙauyuka ba? Gijimasu bai ga ƙarshen aikin ba, sai a zamanin ɗansa Tsaraki aka gama. Mutanen da suka gina ganuwa ɗaya, suka fake a bayanta ran hari, ba su koma baƙin juna ba. Haka aka ce birnin Rum ma ya faro, ƙauyuka ne bisa tuddai suka haɗu.

To, daga nan al'amari ya juya. Garin da ya ba Dala maƙera ya koma mai kai mata gaisuwa. A zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zo, shi ne Sarkin Gaya. Biyayyar kuwa ba kullum ta ke da daɗi ba. A zamanin Sarki Dadi, tsakanin 1670 da 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya hana haraji shekara 3. Dadi bai kai masa yaƙi ba, ya yaudare shi ya zo ganawa, aka kashe shi. Duk alƙalin da aka kawo wa irin wannan magana ya san sunanta, cin amana ne, ko da wanda aka ci wa mai tawaye ne. Abin mamaki, Maryama 'yar Farin Dutse ita ce uwar Sharefa ɗan Dadi, wanda ya hau gadon Kano a 1703, mutanen Gaya kuwa suka sami ƙarfi ƙwarai a fadarsa. Shi ne kuma aka sani da ƙaga sababbin haraji iri iri, har da na Kasuwar Kurmi. Jikan wanda ya ƙi biya ya zama mai tsananta karɓa.

Maganar matsayin Gaya da Birni har zamanin nan ba ta kwanta ba. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke wannan doka, sa'an nan cikin shekarar aka mai da ita mai daraja ta biyu a ƙarƙashin Sarkin Kano, ƙasarta ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu.