Amsar Wasiƙunku: Ginin Ƙasa Ko Na Bulo?

 Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi da ya sayar da amfanin gonarsa, yana son gina shago a kasuwar garinsu. Tambayarsa ita ce, ya yi ginin ƙasa, ko kuwa ya ci bashi ya sayi bulo da kwano don kada a ce ya gaza?

To Malam, kafin ka ci bashin nan, saurari abin da aka yi a Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar.

A shekarar 2014 wata 'yar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou, ta buɗe ƙaramin ofishi a Yamai, ta sa masa suna Atelier Masomi, wato mafarin abu. Tsarin aikinsu shi ne, ba sa zana komai sai sun zauna da masu wurin sun ji buƙatarsu, sun duba rana da iska, sannan su yi gini da abin da ke kusa.

Da mutanen Dandaji suka buƙaci babban masallaci, akwai tsohon masallacinsu na ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Maimakon a rushe shi, sai ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, tare da maginan da suka san shi tun asali. Sabon masallacin, mai ɗaukar mutum 1,000, aka gina shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018. A wannan shekarar ofishin ya gama kasuwar garin da irin wannan bulo, ba a kuma sare tsohuwar bishiyar da aka saba cin kasuwa a gindinta ba.

Me ya sa suka zaɓi ƙasa? Bango mai kauri na ƙasa ba ya barin zafin rana ya ratsa da wuri, ga shi ba a biyan kuɗin mota daga nesa, ladan aikin kuma yana zama a hannun 'yan gari.

Amma fa Malam, ruwa ne abokin gabar ginin ƙasa. Ka ɗaga harsashi da dutse ko siminti, ka sa indararo mai tsawo, ka riƙa sabunta yaɓe kafin damina. Ɗan simintin da za ka iya saye, a nan za ka sa shi. Sauran kuɗin ka zuba kaya a shagon, domin kaya mai saye yake zuwa nema.

Allah Ya sa albarka.