Gas da Rijiyar Ƙauye

 Gaisuwa ta musamman ga matan Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Zobe.

Na san wata za ta ce, yau kuma ina ruwanmu da haƙar gas, mu da ko rijiyar mai ɗaya babu a ƙasarmu? Gaskiyarki, babu. Amma maganar ta daina zama ta mutanen Kudu kaɗai. A watan Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai da gas a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a tsakiyar gonaki da makiyaya irin namu. Kafin nan, a 2020, an fara aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Abin da ya zo Kano kuwa, ai ya zo maƙwabta.

To me ya sami waɗanda suka riga mu? A 1956 aka gano mai a Oloibiri. Gas ɗin da ke fitowa tare da man, kamfanoni suka riƙa cinna masa wuta yana ci dare da rana. Dokar 1979 ta ce a daina daga 1984, amma aka ci gaba, ana biyan tara ana ƙonawa. A 2011 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar Ogoni ya gano rijiyoyin sha a yankin Ogale da gubar da ake kira benzin ta ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Wa ke jan gugar wannan rijiya? Mace ce. Ita ce mai dama kunu da ruwan, ita ce mai kwana asibiti da yaro.

Ga abin da nake so ki riƙe. Tun 1992 akwai dokar da ta ce ba a fara babban aiki irin wannan sai an binciki illarsa ga ruwa da ƙasa da iska, an rubuta rahoto, an ajiye shi a fili kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Akan ajiye kwafi har a sakatariyar ƙaramar hukuma. Matsalar ita ce rahoton ƙato ne, da Turanci, kuma taron jin ra'ayi yakan ƙare a ƙofar fada, maza zalla. Ni dai a ganina, dokar da ba a karanta wa mai jan ruwa ba, rabinta kawai aka yi.

Dokar man fetur ta 2021 kuma ta wajabta wa kamfanin da ke haƙa ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsa na shekarar baya a asusun al'ummar wurin. Kuɗi ne, amma ba ya wanke rijiya.

Don haka ranar da kika ga baƙi suna auna gona suna kafa turaku, ki tambayi maigida, ki tambayi mai unguwa, ina rahoton yake, a ina aka ajiye shi? Ku nemi 'yarku da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta karanta muku shi a makarantar Islamiyya, ta fara da shafin da ya yi maganar ruwa. In da ƙorafi, a rubuta shi kafin kwana 21 ɗin su cika, ku ajiye kwafi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.