Jawabin Yaye Ɗaliban Zane da Buɗe Nunin Hotunan Shanu



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana dabbobin ni'ima, muna sha daga nononsu, muna noma da ƙarfinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ina miƙa gaisuwar ban-girma ga Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa, da 'yan majalisarsa da hakimai, da shehunan malamai, da shugaban wannan makaranta da malamanta, da Arɗo da Sarkin Noma da Sarkin Fawa waɗanda suka bar hidimominsu suka amsa gayyata, da iyayen yara maza da mata, sa'an nan ku ɗalibai da ake yayewa yau, waɗanda dominku aka yi wannan taro.

Aikin ƙarshe da malamai suka ɗora wa ɗaliban bana shi ne kowannensu ya tafi ruga ko gona, ya zauna tare da shanu da masu shanu, ya zano su bisa yadda Allah ya halicce su, kuma sakamakon wannan aiki shi ne abin da aka rataya a zauren da ke bayanmu. Ba na shakka akwai daga cikin iyaye wanda ya ce a ransa, ashe bayan dukkan shekarun nan na karatu da kuɗin da aka kashe, abin da yaro zai kawo gida shi ne hoton saniya, alhali kuwa ga saniyar nan a ɗaure a bayan gida, kowa na ganinta kyauta? Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ita nake fatan in amsa gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe.

Amma kafin nan, tun da akwai malamai a wurin, bai kamata in tsallake mas'alar da ke zukatan mutane ba, wato hukuncin suranta abu mai rai. Abin da muka taras a wurin fuƙaha'un mazhabarmu ta Malikiyya shi ne sun rarrabe tsakanin sura mai jiki cikakkiya, wadda take da inuwa, irin gunki, wadda suka haramta, da zane a shimfiɗe kan takarda ko ƙyalle, wanda galibinsu suka ajiye shi a matsayin karahiya ko barin abin da ya fi. Akwai kuma malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma suna da hujjojinsu. Fatawa ba tawa ba ce, ta ma'abotanta ce, ga su nan zaune. Abin da zan iya ƙarawa kawai shi ne, addinin da surarsa mafi tsawo ke ɗauke da sunan saniya, wata kuma ta shida ke ɗauke da sunan dabbobin ni'ima, wanda ya wajabta wa mai shanu talatin ya fitar da maraƙi, mai arba'in ya fitar da macen da ta girme shi, wanda kuma ya hori mai layya ya duba ido da kunne da ƙafar dabba kafin ya saya, lalle bai bar Musulmi ya jahilci siffar saniya ba.

To, cewa kowa na ganin saniya kyauta, a nan ne nake da ja. Mafi yawanmu mun girma a tsakanin shanu, amma da za a ba mu alƙalami a ce mu fitar da siffarsu daga ka, da sai mu zano wani abu mai ƙafa huɗu da ƙaho biyu wanda babu garken da zai karɓe shi. Ku tambayi mutumin birni, in saniya za ta tashi daga kwance, wane ɓangare take fara ɗagawa? Makiyayi ya san da baya take farawa, ta miƙe ƙafafun baya tana durƙushe bisa gwiwoyin gaba, sa'an nan ta ture ƙasa ta tsaya, saɓanin doki da ke fara miƙe ƙafafun gaba. Ya san ba ta da haƙoran gaba a muƙamuƙin sama, shi ya sa take naɗe ciyawa da harshe ta fizga, kanta na ɗan zabura gaba a kowace loma; ya san in ta kwanta tana tuƙa, muƙamuƙin ƙasa gefe yake zagayawa, idanu a lumshe, kunne da wutsiya kuwa ba su daina korar ƙuda ba. Ɗalibin da bai zauna ya ga waɗannan da idonsa ba, ko da ya haddace dukkan ƙa'idojin haɗa launi, hotonsa zai fito kamar gawa da aka jingina da bango.

Kuma shanunmu ba iri ɗaya ba ne, balle a yi musu riga ɗaya. Bunaji fara ce, amma fatar da ke ƙarƙashin gashin baƙa ce, ga baƙi a bakin hanci da cikin kunne da kofato da tukkun wutsiya. Wanda ya ɗebo farin fenti ya shafe ta da shi tas ya yi mata ƙarya, domin farin nata yana ɗaukar jan ƙurar burtali a ƙafafu da ciki, yana komawa shuɗi-shuɗi a wajen inuwa da sanyin safiya. Rahaji ja ce wur, doguwa, mai dogayen ƙafafu da manyan ƙahoni, ba ta yarda da baƙo, kuma na lura ɗaliban da suka zana ta duk daga nesa suka zano ta, wanda hakan ma gaskiya ce. Bokolo na ƙasar Sakkwato gajeren ƙaho gare shi, wani ma kamar babu, ga fata sako-sako tana reto daga wuya har ƙirji. Sa'an nan saniya guda ɗin nan ma yadda take a kaka ba haka take a bazara ba: a kaka, lokacin da ta ƙoshi da harawa da karan gero, tozo a tsaye yake, gashi na sheƙi, in bazara ta tsananta, tozon ya kwanta gefe, haƙarƙari ya fito ana iya ƙirga shi, ƙasusuwan ƙugu sun tsaya cirko-cirko. Akwai hoto ɗaya a zauren nan na saniyar bazara, tana tsaye bakin rijiya tana jiran guga, carki na bin gadon bayanta. Ban san ko alƙalan makaranta sun ba shi lamba ba, amma ni a wurinsa na fi daɗewa.

Mutanen wasu ƙasashe sun riga sun sha wannan wahala, kuma akwai i'itibari a labarinsu. A ƙasar Holan an yi wani saurayi mai suna Paulus Potter, wanda a shekarar 1647, bai wuce shekara ashirin da biyu da haihuwa ba, ya ɗauki ƙyalle mai faɗin fiye da mita uku, irin wanda a zamanin ba a ɓata shi sai ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da ƙissoshin addini, ya zana ɗan bijimi a kai, kusan daidai girmansa na zahiri, da saniya a kwance, da tumaki, da manomi a jingine bayan itace. Bai ɓoye ƙudajen da ke yawo a bayan bijimin ba, bai share kashin shanun da ke ƙasa ba, har kwaɗon da ke gabansu sai da ya sa. Ya rasu a 1654, bai kai talatin ba, amma hoton ya yi suna har sojojin Faransa suka ɗauke shi zuwa Paris a 1795, sai bayan faɗuwar Napoleon aka mayar da shi, yana nan a gidan Mauritshuis a birnin Heg. Abin ta'ajibi shi ne, bayan an daɗe ana yabonsa a kan shi ne iyakar gaskiya a zanen dabba, da masana shanu suka tsaya suka dube shi da idon sana'arsu, sai suka tarar haƙoran bijimin sun girme ƙahoninsa, kafaɗunsa na babban sa ne, cinyoyinsa kuwa na ƙaramin maraƙi, wato dai Potter ya tattaro gaɓoɓin ne daga zane-zanen da ya yi na dabbobi daban-daban ya haɗa su jiki ɗaya. Wannan bai rage masa daraja a wurin masu zane ba. Sai dai yana nuna muku, ya ku ɗalibai, cewa alƙalin ƙarshe na aikinku yana iya zama mutumin da bai taɓa riƙe burushi ba, amma ya buɗe bakin shanu dubu a kasuwa.

Ba sai mun ƙetare teku ba kuwa, domin wannan sana'a ta riga takarda zuwa ƙasarmu. A duwatsun Birnin Kudu, cikin jihar Jigawa ta yanzu, a ƙarƙashin faffaɗan duwatsu irin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka shuɗe suka bari, waɗanda Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950. Ba mu san sunan masu zanen ba, ba su bar mana harafi ko ɗaya ba, amma sun bar mana shaida wadda ba ta karɓar jayayya: shanun da suka zana ba su da tozo. Yau duk faɗin ƙasar Kano da Jigawa masu tozo ne suka cika garake, marasa tozo sai a kudu, inda ƙananan muturu ke jure wa ƙudan tsando, ko a tsibiran Tafkin Cadi, inda shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni ke ninƙaya daga wannan makiyaya zuwa waccan. Da masu zanen nan sun bi son ransu, sun ƙawata abin da suka gani ko sun rage, da wannan babi na tarihin kiwo ya ɓace tare da su. Haka al'amarin yake a duwatsun Tassili na Aljeriya, inda garake ke kiwo a jikin dutse a wurin da yau babu komai sai rairayi, suna gaya mana cewa hamada ta taɓa zama ƙasar ruwa da ciyawa. Mai zanen da ya riƙe amanar idonsa mai ba da shaida ne, kuma kun san abin da shari'a ke nema ga mai shaida, shi ne adalci da kiyaye abin da ya gani.

Saura maganar gona. Wata mata Bafaranshiya, Rosa Bonheur, wadda ta riƙa zuwa mahauta domin ta san yadda ƙashi da tsoka suke a ƙarƙashin fata, ta zana a 1849 shanu goma sha biyu suna jan garma a lardin Nivernais, kuma abin da ya fi ɗaukar ido a hoton shi ne nauyin aikin, da ƙasar da aka juye, da yawun da ke zuba daga bakin shanun. Mu ma muna da namu, tun da garmar shanu ta shigo ƙasar nan a wajejen ƙarshen shekarun 1920 ta zama ta gida. Wanda ya bi ɗan'uwansa gona da asuba bayan ruwan shuka ya ga karkiya a wuyan shanu biyu, yaro na gaba riƙe da igiyar hanci, magidanci na baya ya danne garma yana kiran kowane sa da sunansa, kunya na tashi baƙa a bayansu, balbelu na sauka suna tsintar abin da ƙasa ta tono, ba zai sake cin tuwo da gafala irin ta da ba. Ɗalibanmu da yawa 'ya'yan birni ne, kuma an gaya mini wasunsu sai a wannan aiki suka fara sanin cewa bayan girbi manomi kan roƙi makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, a rabu da kyautar hatsi da nono. Wannan mu'amala ta raunana a wurare da dama, an toshe burtali, an yi ɓarna, an zubar da jini, kuma ba zan yi da'awar cewa fenti zai gyara abin da hukuma da shugabanni suka gaza gyarawa ba. Amma dai yaron da ya kwana a mashekari, aka ba shi fura da nono a ƙwarya, ya ga uwar gida ta fito tatsa tun duhu bai washe ba, da wuya wani ya zo daga baya ya gaya masa cewa mutanen nan ba mutane ba ne.

Ina da roƙo guda biyu. Na farko ga hukumar makaranta da masu hannu da shuni da ke wurin nan: a taimaka a kai ɗalibai masu tasowa Birnin Kudu su ga aikin magabatansu da idonsu, a kuma nemi hanyar da za a zana shanun Kuri tun suna nan, domin tafkin ya ja baya ƙwarai, kuma barbara da masu tozo na ta rage asalinsu. Na biyu gare ku ɗalibai: kowane hoto a rubuta a bayansa irin saniyar, da garin da aka zana ta, da watan, da shekarar, kuma wanda ya sayar da hoto ya tuna da mai garken da ya ba shi masauki.

Allah ya sa albarka a takardun shaidar da za ku karɓa, ya saka wa iyayenku da malamanku da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyar makiyaya da amfanin manoma, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Yanzu, da izinin Mai Martaba, Allah ya ƙara masa lafiya da nasara, ina gayyatar shugaban makaranta ya fara kiran sunaye, bayan haka a buɗe zaure a shiga kallo.